Yadda Ake Cire Bawul ɗin EGR a Tsohuwar Motar Ɗaukar Kaya, a Wanke Shi, a Mayar

Idan tsohuwar akori-kura ko babbar motar ɗaukar kaya ta fara rawar jiki a silo, wato inji na aiki mota na tsaye, tana kasala a hawa, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, shawarar farko da mai ita zai ji ita ce: "A toshe EGR ɗin kawai, ka huta." Na fahimci abin da ke sa mutane faɗin haka, domin toshewar aikin rabin sa'a ce, wankewa kuwa tana iya cinye yini guda. Amma ni dai ba na ba kowa wannan shawara. Sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, kunkunniya ce ta shaƙe shi, ko ta cushe hanyar da ke bayansa. Abin da ya kamata shi ne a cire shi, a wanke shi da hanyoyinsa, a gano abin da ya jawo dattin, sannan a mayar. Zan bi aikin daki-daki, daga baya in dawo kan maganar toshewa da sauya wa bututun hanya.

Me yake yi a jikin inji?

EGR hanya ce da ke ɗebo ɗan hayaƙin da inji ya riga ya ƙona, ta mayar da shi wajen shigar iska. Bawul ɗin shi ne ƙofar da ke buɗe wannan hanya da rufe ta. Hayaƙin nan ba shi da sauran abin ƙonawa sosai, don haka idan ya gauraya da sabuwar iska sai ya rage zafin wutar da ke tashi cikin silinda. Dalilin rage zafin kuwa shi ne, da zarar wutar ta haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, sinadarin naitirojin da ke cikin iska yana haɗuwa da iskar oksijin su haifar da gubar da ake kira NOx, wadda ke cutar da huhu, tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Motocin fetur na Amurka sun fara zuwa da wannan tsari a farkon shekarun 1970, bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Manyan injinan dizal na tirela a can kuwa, irin su Cummins ISX da Detroit Series 60, sun rungumi EGR mai sanyaya hayaƙi ne daga wajen 2002.

Akwai bambanci tsakanin fetur da dizal da ya wajaba ka riƙe. A injin fetur bawul ɗin a rufe yake lokacin da inji ke da sanyi, a rufe yake a silo, kuma a rufe yake idan ka take totur har ƙasa. Yana buɗewa ne kawai a tafiyar matsakaicin gudu, hayaƙin da yake mayarwa kuma kaɗan ne, kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Dizal ya fi shi mayar da hayaƙi nesa ba kusa ba, kuma yana yi har a silo da ƙaramin gudu. Shi ya sa dattin dizal ya fi muni.

Kafin ka ɗauki sifana

Kada ka kwance komai sai ka tabbatar EGR ne mai laifin. Lalacewarsa iri biyu ce. Idan ya maƙale a buɗe, hayaƙi yana shiga lokacin da ba a bukatarsa: inji ya yi ta kakkarwa a silo, ya mutu idan ka tsaya, ya yi wuyar tashi, dizal kuma ya yi baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. Idan ya maƙale a rufe ko hanyarsa ta toshe, silo zai zauna lafiya, amma injin fetur zai riƙa wata ƙara ƙas-ƙas a hawa ko ƙarƙashin lodi, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani.

Motar da ke da soket ɗin OBD-II, wanda ya zama dole a ƙananan motocin Amurka daga 1996, za ta faɗa maka ciwonta da bakinta idan ka jona na'urar bincike. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan. P0402 na nufin ya yi yawa. P0403 matsalar waya ce ko solanoid, wato makunnin lantarkin da ke sarrafa bawul, P0404 kuma bawul ɗin ba ya isa inda kwamfuta ta umarce shi. Ka lura da kyau, babu lamba ɗaya a cikinsu da ta ce "sayi sabon bawul". Mutane da dama sun canja bawul saboda P0401, fitilar gargaɗi ta dawo bayan kwana biyu, domin toshewar tana cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska.

Idan bawul ɗinka tsohon yayi ne mai aiki da zuƙar iska, wanda kansa ya yi kama da ƙaramin faifai da siririn tiyo a sama, gwajinsa mai sauƙi ne. Ka bar inji ya ɗumi, ya zauna a silo. Zare siririn tiyon, ka jona famfon zuƙa na hannu, ka matsa. A injin fetur, idan bawul da hanyarsa lafiya suke, inji zai tuntuɓe nan take ko ya mutu. Idan allurar famfon ta riƙe zuƙar amma inji bai ko girgiza ba, hanyar ce ta toshe ko sandar bawul ta ƙame. Idan allurar ta ƙi tsayawa, fatar robar da ke ciki ta yage, wannan kam wanki ba zai yi masa magani ba. Sai dai a kiyaye da wasu tsofaffin bawul na kamfanin General Motors (GM) da aka buga wa harafin P a ƙarshen lambarsu: su ba sa riƙe zuƙa sai akwai matsin hayaƙi a salansa, don haka za ka iya yanke wa lafiyayye hukuncin lalacewa. Masu tsofaffin Ford na fetur kuma su fara duba sensar DPFE, mai auna matsin hayaƙin da ke bi ta EGR, da ƙananan tiyo biyun da ke zuwa mata, domin sukan ƙone ko su tsage, su jawo P0401 alhali bawul bai yi komai ba.

Kayan aikin ba su da yawa: saitin soket da sifana, sukudireba, filaya, man sassauta tsatsa, feshin wanke kabureta, buroshin ƙarfe ƙarami da na roba, abin kankara na roba ko tagulla, tsumma mai tsabta, safar hannu da tabaran kariya. Sabon gasket kuma, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin bawul da mazauninsa, ka saye shi tun kafin ka fara. Tsohon yakan karye a wajen cirewa, kuma ko bai karye ba, ba ya sake kamawa yadda ya kamata.

Cirewa

Da daddare kafin ranar aiki, ka fesa man sassauta tsatsa a kan duk notin da ke riƙe da bawul da bututunsa, musamman na ɓangaren salansa. Notin da ya shekara ashirin yana shan zafi da sanyi ba a yi masa gaggawa. Da safe ka ƙara fesawa. Inji ya kasance ya huce sarai, domin bututun nan yana ɗaukar zafin da zai sale maka fata cikin ƙiftawar ido.

Ka ɗauki hoto da wayarka ta fuska biyu ko uku kafin ka taɓa komai. Ƙananan tiyoyin zuƙa duk kamarsu ɗaya, kuma idan ka musanya biyu a wajen mayarwa za ka sha wahalar gano inda ka kuskure. Ɗaura wa kowanne ɗan salatif ka rubuta lamba. Sai ka cire kan batir na nagatif.

Yanzu ka buɗe wa kanka hanya. Cire murfin inji da bututun iska idan sun tare wurin. Zare soket ɗin wutar bawul ta hanyar danna ɗan harshensa, kada ka ja da waya, robar tsohuwar mota ta bushe, karyewa take yi kamar ƙwai. Sannan tiyon zuƙa.

Idan bawul ɗinka ko kularsa, wato tukunyar da ke sanyaya hayaƙin, na da tiyon ruwan lagireto, sai ka sauke ruwan zuwa ƙasa da matakinsa, ko ka matse tiyon da filayar matsewa. Ruwan nan guba ne kuma yana da zaƙi, ka tare shi a mazubi mai murfi inda yaro ko dabba ba za su kai ba.

Fara da notin bututun ɓangaren salansa, tun bawul yana ɗaure yana riƙe maka shi. Yi amfani da soket mai kusurwa shida da ya zauna daram, domin mai kusurwa goma sha biyu yakan cinye kan noti. Idan ya ƙi, ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ka kwance, ka riƙa kai da komo kana fesa mai. Ƙarfin tsiya a nan shi ke karya ƙusa a cikin manifol, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Bayan bututu ya saku, kwance kusoshin bawul ɗin, yawanci biyu ne zuwa huɗu. Idan ya manne, ɗan bubbuga gefensa da ƙotar guduma. Kada ka cusa sukudireba tsakanin fuskokin biyu ka ɓanɓare, za ka yi wa alminiyom rauni, hayaƙi ya samu mafita har abada.

Da bawul ya fito, cusa tsumma mai tsabta a ramin da ke shiga manifol. Ka ƙirga tsummokaran da ka cusa, ka rubuta adadin a inda za ka gani.

Wankewa

Juya bawul ɗin ka kalli ƙasansa. Za ka ga sanda mai kai kamar na ƙusa da mazaunin da take rufewa a kai. A fetur dattin busasshe ne mai tauri kamar gawayi. A dizal baƙin kwalta ne mai danƙo, saboda kunkunniya ta haɗu da tururin baƙin mai da ke fitowa daga bututun numfashin inji.

Riƙe bawul ɗin yadda kansa, inda fatar roba ko ƙaramar motar lantarkin da ke motsa shi take, zai kasance a sama. Wannan ƙa'ida ce da ba a karya ta: feshin kabureta yana cin roba, yana kashe sensa da ƙaramar motar da ke ciki. Fesa ɓangaren ƙarfe kaɗai, ka bar shi ya jiƙa minti goma zuwa sha biyar, ka kankare, ka goge da buroshi, ka sake fesawa. Jikin bawul na baƙin ƙarfe yana jure buroshin ƙarfe, amma mazauni da sandar a bi su a hankali. Ka ci gaba har sandar ta riƙa motsi ba tare da cijewa ba, tana komawa ta rufe da kanta. Bawul mai motar lantarki da haƙoran giya kada ka tilasta masa da filaya.

Ga gwajin da nake so: ka kifa shi, ka zuba ɗan feshin a kan mazaunin yana rufe, ka jira. Idan ruwan ya tsaya, bawul yana rufewa. Idan ya zurare nan da nan, ko dai da sauran datti ko mazaunin ya cinye, sai sabo.

Yanzu ga wurin da yawancin masu gyara suke tsallakewa, kuma nan ne ainihin aikin. Hanyar da ke ɗaukar hayaƙin daga bawul zuwa cikin manifol siririya ce, tana da lanƙwasa, kuma a nan hayaƙi ke hucewa ya ajiye dattinsa. Haska tocila ciki. Tsohuwar wayar sipidomita ko guntun wayar birkin keke da aka warware bakinta tana shiga lanƙwasar da buroshi ba zai kai ba. Ka riƙa juya ta kana zarowa, da injin zuƙar shara a bakin ramin yana kwashe abin da ya ɓalle. Manufar ita ce dattin ya fito waje, kada ya gangara cikin silinda. Ɓarɓashin gawayi mai tauri idan ya maƙale a ƙarƙashin bawul ɗin shigar iska, zai hana shi rufewa.

A dizal, idan ka leƙa ka ga bakin manifol ya tsuke da kwalta har ya koma rabin faɗinsa, kada ka yaudari kanka da goge baki-baki. Sauke manifol ɗin gaba ɗaya, ka jiƙa shi a ruwan wanke maiƙo wanda ba ya cin alminiyom, ka wanke, ka bar shi ya bushe ƙarau. Kuma ina roƙonka, kada ka fesa ruwan wanki mai kamawa da wuta a cikin injin dizal yana aiki, kada kuma ka mayar da manifol da sauran ruwan a kwance a ciki. Dizal ba ya jiran fulogi, duk abin da ya shiga mai ci da wuta zai ƙona shi, yana iya zabura da gudun da makulli ba zai kashe shi ba.

Kular EGR

Idan motarka na shan ruwan lagireto ba tare da ka ga yoyo a ƙasa ba, ko tana farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi, ka zargi kula. A cikinta hayaƙi mai tsananin zafi ne ke bi ta siraran bututu, ruwa na zagaye da su, kuma da shekaru sukan tsage. Alamar farko tana jikin bawul ɗin da ka cire: dattin da ya kamata ya zama baƙi busasshe ko mai maiƙo sai ka same shi a jiƙe, ko wani sashe ya yi fes kamar an wanke shi da tururi.

Don tabbatarwa, sauke kular, toshe bakin ruwa ɗaya, ka hura iska ta ɗayan da matsin da bai wuce na murfin lagireto ba, wajen bar 1, ka nutsa ta cikin ruwa. Kumfa daga ɓangaren hayaƙi na nufin ta tsage. Ba a like ta, canjawa ake yi, kuma ba a jinkirtawa, domin ruwan da ya taru a silinda ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistan a tashi ɗaya.

Injin Ford 6.0 Power Stroke, wanda aka sa wa manyan akori-kura daga 2003 zuwa 2007, ya yi suna da wannan ciwo, kuma darasinsa ya shafi kowa. A injin nan ruwa yana bi ta kular baƙin mai kafin ya isa kular EGR. Idan ta farkon ta toshe da laka, ta biyun sai ta rasa ruwa ta ƙone. Wanda ya canja kular EGR kaɗai ya bar ta man a toshe, zai sake sayen wata.

Mayarwa

Kankare ragowar tsohon gasket daga fuskokin biyu har su yi sumul. Ciro tsummokaranka, ka ƙirga su da adadin da ka rubuta. Ɗora sabon gasket a bushe, ba a shafa masa gam, zafin wurin zai ƙone shi. Shafa ɗan man hana ƙamewa mai jure zafi a zaren kusoshin ɓangaren salansa, don wanda zai kwance nan gaba. Kama duk kusoshi da notin bututu da hannu tukuna, kowanne ya shiga zarensa, sannan ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Ƙananan kusoshi masu kaurin milimita 8 yawanci ba sa wuce Nm 20 zuwa 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, amma littafin injinka shi ne alƙali. Mayar da tiyoyi bisa hotonka, duk wanda ya bushe ko ya tsage ka canja shi yanzu. Cika ruwan lagireto, ka fitar da iskar da ta shiga, ka jona batir.

Sauya wa bututu hanya

Wani lokaci dole ce ke sa a taɓa hanyar bututun: ya tsage a wurin lanƙwasarsa, ko an canja manifol ɗin salansa ramin ya koma wani gefe. Wannan gyara ne halastacce muddin hayaƙin zai ci gaba da zuwa inda aka tsara masa. Yi amfani da bututun ƙarfe mara tsatsa mai faɗin na asali, ka bar masa sashe mai lanƙwasuwa domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, ka ɗaure shi da maƙali don kada girgiza ta karya shi. Ka nisanta shi da wayoyi, tiyon mai da na birki, ka mayar masa da garkuwar zafinsa. Idan akwai ƙananan bakuna na sensar matsi a jikin tsohon, sabon ma sai da su. Abin da ba a yi ko kusa shi ne sakin bakin bututun a buɗe a ƙarƙashin bonet. Hayaƙin zai shiga ɗakin direba, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari, barci take sa mutum.

To, toshewar fa?

Injin fetur an saita lokacin tartsatsin fuloginsa ne da lissafin cewa hayaƙin EGR zai shigo a matsakaicin gudu. Ka toshe shi, wutar ta ƙara zafi, ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan ta zo, wadda ke cin kan fistan a hankali. Motar da ke da sensar jin ƙarar za ta ja lokacin tartsatsin baya don kare kanta, ka rasa ƙarfi da mai. Ƙarin ƙarfin da ake yi maka alkawari kuwa babu shi, tunda bawul ɗin dama a rufe yake idan ka take totur har ƙasa.

A dizal gaskiya ne manifol zai daina tara kwalta da sauri, ba zan ɓoye wannan ba. Amma kwamfutar mota tana gane toshewar, sau da yawa ta hanyar sensar auna iskar da ke shiga, sai ta kunna fitila, wasu ma su rage wa inji ƙarfi. A injinan da turbo mai sauya fukafukai ke aiki tare da EGR, lissafin matsin iskar duka yana rikicewa. NOx kuma yana hauhawa sosai, kuma masu shaƙarsa su ne mutanen da ke bayan motar da waɗanda ke bakin hanya. Ta fuskar doka, a Amurka cirewa ko kashe na'urar rage gurɓatar hayaƙi a motar da ke hawa titi laifi ne a dokar tarayya, gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya haɗa har da mai motar kansa, hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, kuma ta ci tarar kamfanoni masu sayar da kayan toshewa. Tsufan mota ba ya fitar da ita daga wannan hukunci. Ƙasashen Turai ma sun hana.

Amfani ɗaya da na yarda da shi ga farantin toshewa shi ne gwaji: a sa shi na 'yan mintoci a ga ko rawar silo za ta daina, a tabbatar bawul ne ke yoyo, a cire shi.

Idan ba ka son dattin ya dawo da wuri, ka nemi tushensa. Nozul, wato bakin fesa mai, da ke zubar da mai ba daidai ba, matatar iska da ta toshe, turbo mai yoyon baƙin mai, zoben fistan da ya cinye, da tamostat ɗin daidaita zafin ruwan inji da aka cire ko ya maƙale a buɗe har inji ba ya kai zafinsa, duk suna ninka kunkunniya. Haka barin dizal yana silo na sa'o'i, da gajerun tafiye-tafiyen da inji ba ya ɗumi.

Bayan ka gama, goge lambobin da na'urar bincike, ka tayar da inji. Saurari gefen bawul da bututu: ƙarar tsit-tsit ko baƙin tabo a bakin gasket na nufin yoyo. Bar shi ya kai zafinsa, ka fita da shi tafiyar minti ashirin zuwa talatin mai haɗe da gudu matsakaici da ɗan hawa, domin kwamfuta ba ta gwada EGR a tsaye. Wasu bawul na lantarki suna bukatar a sake koya wa kwamfuta matsayinsu da na'urar. Washegari da safe, inji na da sanyi, ka duba matakin ruwan lagireto, ka sake bin kusoshin ɓangaren salansa da sifana, domin sabon gasket yakan ɗan kwanta bayan zafin farko.